Tallafin Noma: A Tambayi Aljihun da Kuɗin Ke Faɗawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan yi tsawo, in sa baki a muhawarar da ta ɓarke a shafin ra'ayoyinku kan tallafin noma. Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa babu ƙasar da nomanta ya miƙe ba tare da gwamnati ta ƙayyade farashi ta kuma saye amfanin gona ba. Mako na zagayowa wani ya mayar masa da martani cewa tallafi zuba dukiyar jama'a ne a rijiya, a bar kasuwa ta yi halinta. Na karanta su duka, kuma kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, a cikinsu babu wanda ya tambayi hannun da kuɗin ke faɗawa a ƙarshe. Na yi shekara 29 ina aikin malamin gona, bakwai daga ciki a wurin sayen hatsi na gwamnati, ina tsaye a bakin sikeli. A can wannan tambayar ta kama ni, har yau kuwa ba ta sake ni ba.

Masu kushe tallafi sukan yi magana kamar haka kawai aka wayi gari aka ƙirƙiro shi. Ruwa ba ya tsami banza. Mai masaƙa in ya ga yadi ya yi kwantai, gobe sai ya rage saƙa. Manomi ba shi da wannan damar. Yana zuba iri da taki da guminsa tun faɗuwar ruwan fari, bai san farashin da zai tarar ba sai bayan wata huɗu ko biyar, kuma ranar da nasa ya nuna, ranar ce na maƙwabcinsa ya nuna, da na yankin baki ɗaya. Ga shi kuma ciki ba ya ƙara faɗi don abinci ya yi araha. Mai cin kwano ɗaya ba zai koma cin uku ba don farashi ya karye. Shi ya sa 'yar rara kaɗan takan rusa kasuwa, ɗan giɓi kaɗan kuma ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo. Tun a ƙarni na 17 wani mai lissafi a Ingila, Gregory King, ya ƙiyasta cewa in girbi ya gaza da kashi ɗaya cikin goma, farashin hatsi kan tashi da kashi uku cikin goma. Ka juya lissafin ta ɗaya gefen, za ka gane abin da ke sa manomi kuka a shekarar albarka: rumbu a cike, aljihu wayam, mai bin bashi a bakin ƙofa.

Ɗan Adam ya daɗe da sanin wannan ciwo. Kowa ya san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da shekaru bakwai na yalwa da aka tara domin bakwai na fari. A ƙasar Sin, tun kafin haihuwar Annabi Isa, daular Han ta kafa rumbunan gwamnati da ke sayen hatsi in ya yi araha, su fitar da shi in ya yi tsada, don kada mai noma ya karye, kada kuma mai ci ya tagayyara. A Birtaniya ne aka ga wata fuska ta daban. A 1815, yaƙin Napoleon ya ƙare, alkama ta fara sauka, majalisa kuma cike take da masu manyan filaye. Sai suka yi dokar hana shigo da alkama daga waje har sai farashin gida ya kai sule 80 a kan ma'auninsu. Burodi ya gagari leburan masana'antu, masu filaye kuwa suka ci gaba da karɓar kuɗin haya mai tsoka. Sai a 1846, ana tsakiyar yunwar ƙasar Ayalan, Firayim Minista Robert Peel ya samu aka soke dokokin. Da sunan manomi aka yi su, amma mai fili ne ya ci moriyarsu. A riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

Tallafi irin na zamanin nan a Amurka aka haife shi, kuma cikin wahala aka haife shi. A lokacin yaƙin duniya na farko Turai na cikin wuta, manoman Amurka suka ciwo bashi suka faɗaɗa gonaki, suka sayi tarakta, domin alkama ta haura dala 2 a kan ma'aunin da suke kira bushal, wato kimanin kilo 27. Da aka gama yaƙi Turai ta koma gona, farashi ya faɗo tun 1920, bashi kuwa yana nan inda yake. Sau biyu, a 1927 da 1928, majalisa na amincewa da dokar ɗaga farashi, Shugaba Coolidge na ƙin sa hannu. A 1929 aka kafa wata hukumar gona aka ba ta dala miliyan 500 ta riƙa sayen rara. Ta saya har ta gaji, domin ba ta da ikon hana kowa ƙara shuka, kuma kasuwar duniya ta rufta a kanta. Zuwa 1932 wannan bushal ɗin alkama ya koma ƙasa da santi 40 (santi ɗari ne dala ɗaya), labar auduga kuma, wato kusan rabin kilo, ƙasa da santi 7. Bankuna suna ƙwace gonaki, wasu manoman suna ƙona masara a murhu saboda ta fi kwal araha.

A cikin wannan hali Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar daidaita noma ranar 12 ga Mayu, 1933, Henry Wallace na sakataren aikin gona. Dabarar ita ce a biya manomi ya rage abin da yake nomawa, har farashi ya tashi ya dawo masa da ƙarfin saye irin na shekarun 1909 zuwa 1914. Matsalar kawai, dokar ta zo bayan an gama shuka. Sai aka biya mutane suka sa garma suka tumɓuke audugar da ta riga ta tsaya, wajen eka miliyan 10, aka kuma yanka aladu kimanin miliyan 6, galibinsu ƙanana, a ƙasar da mutane ke bin layin karɓar miya. An ba da labarin alfadaran kudancin ƙasar, waɗanda aka horar tun suna ƙanana su bi tsakanin kunya kada su taka shuka, suka riƙa turjewa da aka kora su kan audugar. Duk wanda ya taɓa noma ya san abin da ke ran mutumin da ke riƙe da wannan garmar. Shi kansa Wallace bai ɓoye cewa abin kunya ne ga wayewar zamani ba, amma yana ganin babu wata mafita a wannan shekarar.

Farashi ya tashi, wannan gaskiya ne, kuma gonaki da yawa sun tsira daga hannun banki. Sai dai a kudancin Amurka mafi yawan masu noman auduga ba su da filin kansu. 'Yan haya ne da masu noman a raba, baƙaƙe da farare, amma baƙaƙen sun fi shan wuya. Takardar kuɗin gwamnati tana zuwa ne da sunan mai fili. An ce ya raba da masu yi masa noma, shi kuwa ya ga in ya rage eka to ba ya buƙatar iyalai da yawa a gonarsa. Ya sallame su, ya riƙe kuɗin, daga baya ya sayi inji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baƙin cikin wannan ne ya sa 'yan hayar suka kafa ƙungiyarsu a jihar Arkansas a 1934. Kotun Ƙoli ta rushe dokar a 1936 saboda harajin da aka ɗora wa masu sarrafa amfanin gona, amma a 1938 aka dawo da wata a sabuwar riga. An kawo abin a matsayin agajin gaggawa, ga shi an haura shekara casa'in ana sabunta shi. A 1935 gonakin Amurka sun kai miliyan 6.8, yau ba su kai miliyan 2 ba. Ban ce tallafi ne kaɗai ya kori sauran ba, inji da aikin birni sun yi nasu, amma tallafin da aka ce zai riƙe ƙaramin manomi a gonarsa bai riƙe shi ba.

Akwai wata dabara daga wancan zamani da ya kamata mai karatu ya fahimta, domin ita ce uwar abin da ake kira tabbataccen farashi. Gwamnati ta ba manomi rance a kaka, ya jinginar da hatsinsa a kan wani farashi da aka yanke. In kasuwa ta haura wannan farashin, ya sayar ya biya bashi ya ci riba. In ta faɗi ƙasa, ya bar wa gwamnati hatsin, bashi ya mutu. A takarda abin ba shi da aibi, yana hana mutum karyar da kayansa ranar girbi. Amma wa ke yanke farashin? 'Yan siyasa, kuma zaɓe na gabansu. Da zarar an ɗaga shi sama da kasuwa, kowa zai ƙara shuka wannan abin, gwamnati ta zama babbar mai saye, rumbunanta su cika su batse. Haka Amurka ta wayi gari a 1981 da cuku fiye da laba miliyan 500, wani ma a ajiye cikin koguna a ƙarƙashin ƙasa, har sai da aka fara rabar da shi ga talakawa.

Yanzu bari in faɗi abin da idona ya gani, domin shi ya sa nake rubutun nan. Wata shekara damina ta yi kyau ƙwarai, kasuwa ta karye, aka yi shela cewa gwamnati za ta sayi hatsi da farashin da ya ɗara na kasuwa nesa ba kusa ba. Mun yi murna, ni ma na bi ƙauyuka ina gaya wa mutane su riƙe kayansu. Kuɗin saye bai iso mana ba sai da kaka ta yi nisa da kusan wata biyu. Kafin nan mai bashin taki ya zo, mai bashin aiki ya zo, rashin lafiya ta zo, duk wanda ba shi da ƙarfi ya riga ya sayar. Ranar da muka buɗe ƙofa, manyan motoci ne a layi, kuma ba na manoma ba ne, na 'yan kasuwar da suka saye a lokacin araha ne. Ga kuma ƙa'idojinmu: buhu ya zama sabo, danshi kada ya wuce kaza, biya kuma sai bayan makonni da takarda.

A rana ta uku wani dattijo ya iso da buhu uku a kan amalanke. Ya ɗinke bakin kowanne da shuɗin zare, ɗinki mai kyau, irin na mutumin da ke girmama abin da ya noma. Na soka ƙarfen da muke ɗibar samfur da shi, na zuba a na'urar awon danshi, ya haura ƙa'ida da ɗan kaɗan. Na ce, "Baba, sai haƙuri, sai ka ƙara shanya shi kwana biyu." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a ina zan shanya? Kuɗin amalanken nan ma bashi na ci." Na ce masa doka ce, ba ni da yadda zan yi. Ya juya bai ƙara cewa komai ba. A bakin ƙofa yaran wani ɗan kasuwa suka saye a farashin kasuwa. Bayan kwana biyu, ina duba wata babbar mota, na ga buhunan nan uku da shuɗin zarensu, a tsakiyar ɗaruruwa. A lodin mota ba kowane buhu ake sokawa ba. Suka hau sikelina, na sa hannu, aka biya mai motar farashin da aka yanke domin wannan dattijo. A rahoton ƙarshen shekara an rubuta cewa manoma sun amfana. Ni na san wanda ya noma buhunan nan, na kuma san wanda aka biya, kuma da hannuna aka yi. Shekaru sun shuɗe amma ban daina ganin zaren nan ba.

Da farko na ɗauka rashin tsari ne na wurin da na yi aiki. Da na zauna na bi labarin sauran ƙasashe, sai na ga ashe ciwon a jikin dabarar yake. In an ɗaura tallafi a kan buhu, mai buhu dubu zai kwashi ninki dubu na mai buhu ɗaya. In an ɗaura shi a kan eka, mai eka dubu ne zai kwasa. A Tarayyar Turai, inda babu wanda zai ce ba a iya rubuta lissafi ba, alƙaluman hukumarsu sun daɗe suna nuna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ake biyan manoma kai tsaye yana tafiya ne ga kashi 20 cikin ɗari na masu karɓa. Bayan wannan akwai wani abin da ba a faye gani ba. Gonar da aka san gwamnati za ta riƙa biya a kanta duk shekara, darajarta sai ta tashi, kuɗin hayarta ma ya tashi. Wanda ya mallaki filin ranar da aka fara shirin shi ya ci riba. Matashin da ya zo daga baya yana son shiga noma ya riga ya biya kuɗin tallafin tun a wurin sayen gona, da bashin banki. In aka ce za a janye, shi ne zai karye. Wannan ne ya sa tallafi ke da sauƙin shiga da wuyar fita, kuma ban ga laifin manomin da ya tare hanya da tarakta yana kare shi ba.

Ita ma Turai da kyakkyawar niyya ta fara. Mutanen da suka tsara manufar noma ta bai ɗaya, wadda ta fara aiki a 1962, sun ɗanɗani yunwa da bakinsu. Jagoransu Sicco Mansholt manomi ne ɗan ƙasar Holan, ya ga yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 da ta kashe dubban mutane a ƙasarsa. Suka sa farashi mai tsoka, suka toshe ƙofa da haraji, suka ce duk abin da kasuwa ta bari hukuma za ta saya. Cikin shekara ashirin nahiyar da ke tsoron yunwa ta rasa inda za ta zuba abinci. A tsakiyar shekarun 1980 man shanun da ke jibge a ma'ajiyar sanyi ya haura tan miliyan ɗaya, shirin noma yana cinye wajen kashi 70 cikin ɗari na kasafin ƙungiyar. Dole aka sa wa madara iyaka a 1984, aka rage farashi a 1992, a 2003 kuma aka raba yawancin biyan kuɗi da yawan abin da mutum ya noma. Duk da haka har yanzu noma na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinsu.

To ina rarar take zuwa? Nan ne maganar ta fi yi mini zafi. Abin da aka saya da tsada a gida ba a iya sayar da shi a gida, sai a ƙara masa wani tallafin a tura shi waje da araha. Turai ta sayar wa Tarayyar Sobiyet man shanu da farashin da mutanenta ba su taɓa gani a kanti ba. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 daskararren naman shanunta ya cika kasuwannin gaɓar tekun Afirka ta Yamma, makiyayan Sahel da suka saba koro dabbobi zuwa can suka rasa masu saye. A farkon ƙarnin nan manoman auduga na Amurka, da ba su wuce 25,000 ba, sun karɓi fiye da dala biliyan 3 a shekara guda, alhali miliyoyin mutane a Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi da audugar suke rayuwa, kuma sun fi su noma ta da araha. Ƙasashen huɗu suka kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun ta Meziko a 2003, taron ya watse ba a share musu hawaye ba. Brazil, da ke da ƙarfin ɗaukar lauyoyi, ta shigar da ƙara a 2002 ta kuma yi nasara. Maimakon a janye tallafin nan take, a 2010 Amurka ta amince ta riƙa biyan ɓangaren audugar Brazil dala miliyan 147 a shekara, a 2014 ta rufe maganar da dala miliyan 300. Manomin Mali bai ga ko santi ba. Sai a 2015, a taron Nairobi, aka amince a kawar da tallafin fitar da amfanin gona waje, bayan ɓarnar shekaru da dama.

Ɗan'uwan da ya ce mu kwaikwayi masu arziki ya manta da wani abu guda. Inda manoma ba su kai kashi biyu ko uku cikin ɗari na jama'a ba, sauran za su iya ɗaukar nauyinsu ba tare da sun ji a jikinsu ba. Inda manoma ne rabin jama'a, wa zai ɗauki wa? Shi ya sa a ƙasashe matalauta tarihin yakan juye, a ce za a daidaita wa manomi farashi, a ƙare da tatsarsa. Hukumar cinikin koko da aka kafa a Gana a 1947 an kafa ta ne don ta ajiye rarar shekarar tsada ta cike giɓin shekarar araha. Kuɗin ya zama na gwamnati da na birni, manomi yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mutane suka daina kula da itatuwansu, wasu suka riƙa tsallakar da kokon zuwa Kodebuwa. Ƙasar da ta haura tan 550,000 a kakar 1964 zuwa 1965 ta faɗo ƙasa da tan 200,000 a ta 1983 zuwa 1984, fari da gobarar daji suka ƙarasa abin da farashi ya fara.

Ba zan zalunci tabbataccen farashi ba, ya taɓa ceton ƙasa. A 1966 Indiya ta shigo da hatsi wajen tan miliyan 10, galibi agajin Amurka, jirgi na sauke kaya ana kaiwa tukunya. A 1965 ta kafa hukumar farashin amfanin gona da hukumar sayen abinci, ta haɗa su da sabon irin alkama da taki da ban ruwa. Manomin jihar Punjab ya yarda ya gwada sabon iri ne saboda ya san akwai mai saye. Yau Indiya na noma alkama fiye da tan miliyan 100. Amma dubi inda aka tsaya. Tunda alkama da shinkafa ne gwamnati ta fi saya, Punjab ta rungumi shinkafa, abin da ƙasarta ba ta da ruwan ɗauka, ga wutar famfunan ban ruwa kyauta tun 1997. Kowace shekara sai an ƙara zurfin rijiya. Wani kwamitin gwamnatin ƙasar ya bayyana a 2015 cewa kimanin kashi 6 cikin ɗari na manoma ne kawai ke sayar wa hukuma a wannan farashin. Da aka taɓa tsarin da wasu sababbin dokoki a 2020, manoma suka yi shekara guda a kan hanyoyin shiga Delhi har aka janye dokokin a Nuwamban 2021. Tailan kuwa ta yi gaggawa a 2011, ta yi alkawarin sayen shinkafa a kan bat 15,000, kuɗin ƙasar, kowane tan, nesa da farashin kasuwa, da zaton in ta ɓoye kayanta farashin duniya zai tashi. Indiya ta buɗe nata rumbun, Tailan ta rasa matsayinta na kan gaba wajen fitar da shinkafa, miliyoyin tan suka yi ta lalacewa a ma'ajiya, zuwa farkon 2014 manoman da aka yi abin dominsu suna zanga-zangar neman kuɗinsu.

Shi kuma ɗan'uwan da ya ce a bar kasuwa, na san misalin da ke bakinsa, Niyu Zilan. Gaskiya ne a 1984 ta janye tallafi kusan baki ɗaya, bayan biyan kuɗi a kan kowace tunkiya ya sa garken ƙasar ya kai miliyan 70. Gaskiya ne kuma gonakin da aka tilasta sayarwa ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, noman ƙasar ya farfaɗo ya fi da. Amma manomin can yana da ɗaruruwan eka, da takardar mallaka, da banki, da hanya har tashar jirgin ruwa, da ilimi, kuma duk da haka sun sha shekaru masu ɗaci, darajar gonaki ta faɗi, kuɗin ruwa ya hau. Ka ce wa mai eka biyu, wanda damina ɗaya ke raba shi da yunwa, ya yi koyi da wannan, ai ganin kitse ake yi wa rogo. Malawi ta nuna ɗaya gefen. Bayan mummunan girbin 2005 gwamnatin Bingu wa Mutharika ta raba wa ƙananan manoma takardun sayen taki buhu biyu da iri cikin rahusa, masara ta samu, yunwa ta ja da baya. Sai dai da takin duniya ya yi tsada, shirin ya cinye kimanin kashi 16 cikin ɗari na kasafin ƙasar a shekarar kuɗi ta 2008 zuwa 2009, kuɗin da hanya da bincike da madatsun ruwa suke jira.

A 2021 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya uku, ciki har da ta abinci da aikin gona, sun ƙiyasta cewa duniya na kashe wajen dala biliyan 540 a shekara wajen tallafa wa masu noma, kuma kashi 87 cikin ɗari nasa yana gurɓata farashi ko yana cutar da muhalli da lafiya. Ni ban karanta wannan a matsayin hujjar a bar manomi shi kaɗai ba. Ina goyon bayan a taimaki manomi, da dukkan zuciyata, domin na ga abin da kaka ke yi masa. Abin da na daina yarda da shi shi ne taimakon da ake aunawa da buhu. A cikin shekarun aikina, abin da na ga ya canza rayuwar ƙaramin manomi shi ne abin da babban ɗan kasuwa ba zai iya lodawa a mota ya tafi da shi ba: hanyar da ta sa mai saye ya zo har gona, irin da ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, ma'ajiyar da ƙwaro ba ya shiga, da ɗan rancen kaka da zai sa mutum ya iya jira wata uku. Da dattijon nan yana da wurin shanya da kuɗin amalanke, da buhunansa sun hau sikelina da sunansa. In kuwa dole sai gwamnati ta saya, to ta sa farashin a ƙasa, inda zai tare faɗuwa kawai, kuɗin ya iso kafin lauje ya shiga gona, a sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai kawo, a kuma karɓi buhu ɗaya kamar yadda ake karɓar ɗari.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk ranar da aka yi shelar wani shirin tallafi ko sayen amfanin gona, kada jaridarku ta tsaya a kan adadin kuɗin da aka ambata a wurin taro. Ka tura wakilinka wurin sayen da kansa, a makon farko, ya tsaya kusa da sikeli. Ya rubuta ranar da aka yi girbi da ranar da aka buɗe ƙofa, ya ƙirga manyan motoci ya ƙirga amalanke, sa'annan ya fita bakin ƙofa ya tambayi waɗanda aka mayar nawa aka saya a hannunsu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin gona